Bidiyon da Bai Kwana Ba

A layin masu gyara, tsakanin mai ɗinkin takalmi da mai gyaran waya, akwai wani shago da ƙofarsa ba ta buɗuwa gaba ɗaya, saboda matattun bidiyo da aka jibge a bayanta har kusa da rufi. Mai shagon dattijo ne gajere, mai tabarau da aka ɗaure wa ƙafa da zare. Kowa Sai-ya-kwana yake ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata.

A bakin aiki ya samo sunan. Tun yana da baƙin gashi, ba ya gyara bidiyo ya miƙa wa mai shi a ranar. Ko hoto ya fito tas, ko mai kayan ya taso daga nesa yana tsaye yana karkaɗa makullin mota, amsar ɗaya ce: sai ya kwana. Ya ce bidiyo munafuki ne, in ya ji ɗumi a gaban mai gyara sai ya yi ta aiki kamar na kirki, ba ka sanin halinsa sai ya kwana ya huce, ka zo da safe ka kunna shi da sanyinsa. Mutane sun yi fushi, wasu sun kwashe kayansu sun kai gaba, amma akasari sukan dawo da kaset a tattaune a cikin leda, suna sunkuyar da kai. Shi kuwa sai dai ya matsar musu da benci.

Wanda bai taɓa leƙa cikin bidiyo ba ba zai gane abin da yake tsoro ba. Da ka tura kaset, wasu yatsun ƙarfe biyu ne ke shiga su zaro zaren, su naɗa shi a jikin wata ganga mai juyawa wadda ke karanta hoto. A ƙasa kuma akwai 'yar tayar roba a kan wani hannu mai lilo, aikinta ta juya kwarkwaron da ke naɗe zaren bayan ya wuce. Idan robar ta yi santsi, ko giris, wato maiƙon da ke gindin hannun, ya tsufa ya daskare, sai tayar ta makara. Injin yana ta turo zare, ba mai karɓa, sai zaren ya zube cikin haƙora. Abin haushin kuma, ba kullum yake yi ba. Yau lafiya, gobe lafiya, jibi ya cinye maka bikin 'yarka.

Yayarsa ce ta sa shi a wannan hanya. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, ita ta goya shi, ta tafi da shi gidan aurenta kamar ƙullin kaya. Ranar da ya kwance mata rediyo ya kasa mayarwa, ta fara zane shi tukuna, sannan ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani mai gyara, ta ce tunda ya iya ɓarna a koya masa sauran rabin. Har ya yi furfura ba ta daina ce masa Ƙarami ba, shi ma bai taɓa zama a kujera tana ƙasa ba.

Ya ga zamani a sana'ar. Akwai lokacin da masu gidajen kallo ke layi a ƙofarsa tun kafin ya buɗe, ana roƙonsa kamar likita. A cikinta ya yi aure, a cikinta ya yi rufin ɗaki, ya aurar da 'ya'ya. Sai faifai ya zo, kafin a gama mamakin faifai waya ta zo ta share kowa. Abokan sana'arsa suka watse, wani ya koma gyaran fanka, wani ya koma sayar da caja. Shi ya ƙi motsi. Matarsa takan ce tana auren mai gadin maƙabarta, ya ce ai matattun nan su ke ba masu rai roba da haƙori. Gaskiya ne kuwa, domin an daɗe da daina kawo kayan gyaran bidiyo, duk abin da zai sa wa wani sai ya ciro daga cikin wani.

A ƙarshe bidiyo ɗaya ne ya rage a duniya wanda lalacewarsa ke hana shi sukuni, shi ne na Yaya.

Yaya tana da ɗa, autanta, direban babbar mota. Shi ya saya mata bidiyon lokacin da ya fara samu. Wata rana wani abokinsa mai kyamara ya ɗauke shi a tasha, yana zagaya motarsa yana bubbuga tayoyi, yana fariya irin ta samari. Can tsakiyar kaset ɗin sai ya juyo, ya matso har fuskarsa ta cika gilashi, ya yi dariya ya ce, "Umma, na ci abinci, kada ki tambaya." Domin ita tambayarta ke nan tun yana yaro, ko daga bayan gida ya fito. Ba a daɗe ba motar ta faɗi da shi a wata gada, aka kawo mata hularsa da agogonsa.

Shekaru ta yi ba ta iya kallon kaset ɗin. Sai da tsufa ya fara kwashe mata abubuwa, ta manta inda ta ajiye carbi, ta manta sunayen jikoki, sannan ta koma gare shi. Kowace safiya takan zauna a kujerarta ta roba, ta tura kaset, ta jira. In ya ce ya ci abinci, sai ta ce, "To, ka ƙara." Daga nan ne take yarda ta karɓi nata kwanon. Idan kuwa ba ta ji shi ba, ba mai iya sa mata ko ruwa a baki, sai ta ɗauki mayafi ta nufi ƙofa, wai za ta tasha ta kai wa Auta abinci. 'Yarta da ke zaune da ita, bazawara mai haƙuri wadda take koyarwa a wata makaranta, ta sha tsinto ta a bakin titi.

Mai gyaran waya ya daɗe yana yi wa Sai-ya-kwana magana. "Baba, ka kawo kaset ɗin nan mu juye shi a waya. Akwai na'urar, rabin yini an gama. Zare fa zare ne."

"Ba ta barin ya fita daga ɗakin. A ƙarƙashin matashinta yake kwana."

"To mu je can da kayan aikin."

"Za a yi. Bari in ga injin ya zauna daidai tukuna."

Rabin maganar gaskiya ce. Sauran rabin kuwa, wanda bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba, tsoro ne. Ya san ranar da muryar Auta ta koma cikin waya, ba sauran wanda zai aiko a kira shi da gaggawa, ba sauran ɗakin da zai shiga da jakar kayan aiki a tashi a ba shi wuri. Yana jin kunyar wannan tunani, amma kunyar ba ta sa ya kira mai wayar ba.

Ana cikin damina, wata safiya 'yar Yaya ta sauka daga tasi rungume da bidiyon a cikin zane. Idonta ya faɗa.

"Kawu, ya fara ci. Na yi sauri na kashe, farkon ne kawai ya taɓa, wurin da ake nuna motar. Amma ba ta karya ba, tana can tana kiran sunansa."

"Kaset ɗin fa?"

"Yana cikin zanenta, ta ƙulle. Na bar ta da maƙwabciya."

Ya share tebur da gefen hannu, ya kwance murfin. Ya sa kaset ɗinsa na gwaji, wani tsohon wasan ƙwallo da ya haddace har ya san inda mai tsaron gida zai faɗi. Bidiyon ya karɓa, ya yi ta aiki lafiya lau, kamar bai taɓa saɓo ba. Ya tsayar, ya mayar baya, ya fitar, ya sake turawa. Ko gezau. Ya yi tsaki, don irin wannan ciwon ya fi tsana, wanda ke ɓuya idan ya ga likita.

Ya ciro 'yar tayar ya murza a yatsa, ya ji ta yi sulɓi kamar sabulu. Ya shiga bayan ƙofa ya yi ta sauke matattu yana buɗewa, ƙura tana sa shi atishawa, har ya sami mai irin tayar da sauran rai. Ya wanke ta da sifirit, ya sa. Ya canja bel, robar da ke juya injin, ya goge gangar da auduga a hankali. Amma da ya tura hannun lilon da ɗan yatsa, sai ya ji kamar yana da ɗan nauyi wajen komawa, kaɗan ƙwarai, irin wanda ba ka rantsewa a kai. Ya san abin da hakan ke nufi. Giris ɗin gindin ne, kuma kafin a kai gare shi sai an ɗaga injin ɗungurungum, an kwance haƙoran ƙasa, an wanke, an mayar da kowanne a kan alamarsa. Aikin yini ne ga mai ido, shi kuwa idonsa ya fara ba shi kunya. Bayan haka kuma sai ya kwana.

Wayarsa ta yi ƙara da azahar.

"Kawu, ta ƙi ko shayi. Maganinta ma ta tofar."

"Ki lallashe ta. Ki ce Auta yana hanya."

"Na faɗa, shi ya sa ta koma bakin ƙofa."

Ya koma kan aiki. Ya ɗiga mai a gindin hannun daga sama, ya yi ta kaɗa shi har ya saki. Bidiyon ya yi ɗumi a ƙarƙashin fitila, 'yan ƙwallo suna ta gudu, mai tsaron gida yana ta faɗuwa a wuri ɗaya. Duk gwajin da ya sani ya yi, bai ga aibu ba. Mai ɗinkin takalmi ya leƙo ya ce, "Yau ma kwana zai yi, ko na gida ba ya bin layi?" Ya ƙara sunkuyawa a kan injin.

Da la'asar wayar ta sake ƙara. Wannan karon ba magana ya fara ji ba, muryar Yaya ya jiyo daga nesa tana kuka, siririn kuka irin na wanda ƙarfinsa ya ƙare, tana cewa a bar ta ta fita, yaron bai ci komai ba tun safe. Bai taɓa jin kukanta ba sai ranar da aka kawo hular nan. Matar da ta goya shi ce, wadda ta sha hana cikinta ta ba shi. Ya kalli bidiyon, ya kalli sukundireban da ke hannunsa. Sai ya jawo murfin ya rufe, ya ɗaure kusoshin.

Mai gyaran waya ya gan shi ya fito rungume da kaya, ya ce, "Baba, yau rana ta fito daga yamma ke nan." Ya wuce kamar bai ji ba.

Ɗakin Yaya ƙarami ne, gado da kujerar roba, sai tebur mai talabijin da aka lulluɓe da ƙyalle mai fure. Ya durƙusa ya haɗa wayoyi. Da ƙyar ta kwance bakin zanenta ta ba shi kaset ɗin, tana kallon hannunsa kamar zai gudu da shi. Ya tura yana riƙe da numfashi. Motar ta fito, hoton ya ɗan yi rawa a wurin da aka taɓa, sannan ya zauna. Auta ya zagaya, ya bubbuga tayoyi, ya juyo.

"Umma, na ci abinci, kada ki tambaya."

"To, ka ƙara," in ji Yaya, ta miƙa hannu aka sa mata kwano.

'Yarta ta juya baya tana share ido. Shi kuma ya buɗe baki zai ce kada a kunna da safe sai ya zo, aikin bai ƙare ba. Kafin ya yi magana Yaya ta dube shi, idonta ya washe kamar na da, ta gane shi sarai.

"Ƙarami ne? Ai na sani. Duk garin nan ba mai hannunka. In ka ce abu ya gyaru, ya gyaru."

Sai ya haɗiye maganar. An daɗe ba a faɗa masa haka ba, kuma daga bakin da ya fi so ya ji. Ya ce a ransa ba sai ya tayar musu da hankali ba, zai yi sammako ya riga ta tashi, ya kunna da kaset ɗin ƙwallo tukuna. Ya yi sallama ya tafi, ko wayar wutar bai zare ya sa a aljihu ba, abin da ko ɗan koyo zai tuna.

Da asuba sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, titi ya zama kogi, ba tasi ba babur. Ya kira 'yar Yaya, wayar ba ta shiga. Ya naɗe ƙafar wando ya fita da leda a ka, matarsa tana ce masa ya jira ruwan ya tsagaita, zai jawo wa kansa zazzaɓi. Yana tafe yana lissafin sanyin da ɗakin nan ya kwasa, da yadda giris ke kamewa a irin wannan safiya. Yaya kuwa ta manta sunan unguwarsu, ta manta shekarunta, amma ba ta manta maɓallin da ake dannawa ba.

Tun daga tsakar gida ya san an gama. 'Yar tana tsaye a ƙofar ɗaki da hannu a ka.

"Ina kicin, Kawu. Na ji wata ƙara kamar ana murza leda. Kafin in iso..."

Ya wuce ta ya shiga ɗakin. Ya cire rigarsa da ta jiƙe, ya goge hannu sosai, ya kwance murfin. Zaren ya cukurkuɗe a cikin haƙora, baƙi, mai sheƙi. Ya daɗe yana zaro shi da ɗan hantsaki, yana juya injin da yatsa, ba ya ko son yin numfashi a kai. Bai tsinke ba, ya gode wa Allah a kan wannan. Ya shimfiɗa wurin a kan gilashin tebur, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, ya yi ta lallaɓa shi da bayan cokali har ya ɗan miƙe. Tsakiyar ta yamutse amma tana nan. Sai ya ɗaga shi wajen hasken taga, ya ga bakin zaren na sama.

Masu gyara sun san abin da sauran mutane ba su sani ba. Hoto a faɗin zare yake, murya kuwa a bakinsa take, siririn layi kamar kalmasar zane. Haƙoran sun bi wannan bakin sun gwaigwaye shi tas.

Ya ƙi yarda. Ya naɗe zaren ya rufe kaset, ya ɗaga injin nan a ƙasan ɗakin, ya yi aikin da ya kamata ya yi jiya. Giris ɗin da ya tono ya yi tauri kamar busasshen ƙaro. Ya wanke, ya sa sabo, ya mayar da haƙora a kan alamarsu, hannun lilon ya koma tsalle kamar sabo. Bidiyon bai taɓa zama daidai irin na wannan rana ba, kuma sanin haka ya fi komai ci masa rai. Duk tsawon lokacin Yaya tana kujerarta da mayafi a kafaɗa, kwanonta a rufe a gefe, tana tambaya ko an gama.

Ya tura kaset ɗin. Ƙarar tasha ta cika ɗakin, injin mota, masu talla, dariyar mai kyamara. Auta ya zagaya, ya bubbuga tayoyi. Yana juyowa sai layuka suka ratsa hoton, sautin ya ɗauke ɗif. Fuskarsa ta matso ta cika gilashin, yana dariya, bakinsa yana motsi, ba abin da ke fita sai wani huci. Yana juya baya ƙarar tasha ta dawo.

Yaya ta karkata kai, ta jira. Ta dubi 'yarta, ta dubi talabijin.

"Me ya ce?"

"Ya ce ya ci, Umma," in ji 'yar. "Ba ki ga bakinsa ba?"

"Ban ji ba. Ko fushi yake da ni?"

Sai-ya-kwana ya mayar da kaset ɗin baya, ya sake kunnawa. Ya tashi ya zagaya bayan kujerarta ya tsaya inda ba za ta gan shi ba. Ya san maganar, ya san inda yaron ke jan numfashi, ya san 'yar dariyar da ke gabanta. Da fuskar ta cika gilashi, ya sassauta murya iyakar iyawarsa, ya bi motsin leɓen.

"Umma, na ci abinci, kada ki tambaya."

Ruwa yana ta ɗiga daga indararo. 'Yar ta ɗauko kwanon a hankali ta buɗe. Yaya ba ta miƙa hannu ba. Ta waiwayo ta ɗaga kai ta dube shi, ba fushi a fuskarta, sai irin kallon da take masa yana yaro idan ya sa baki a maganar manya.

"Kai na san ka ci, Ƙarami, kana da mata. Shi nake jira."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya san duk wucewar da wannan yamutsattsen wuri zai yi a kan gangar, wani abu zai ƙara goguwa, wata rana fuskar ma za ta bi muryar. Ya san kuma ko mai wayar ya zo yanzu da na'urarsa, abin da zai juye ke nan, yaro mai motsa baki.

"Mayar da shi baya," in ji Yaya, tana gyara zama. "Wataƙila bai gan ni ba ne."

Ya durƙusa a gaban teburin, ya danna.